Baturen Shanu a Kan Dutsen Rema

A shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, an yi wani malamin dabbobi a Katsina mai suna Malam Babba. Ɗan birni ne, ya yi makarantar Midil, aka tura shi ya koyo aikin allurar shanu, ya dawo da farin kwat da 'yan kalmomin Turanci waɗanda yake barbaɗawa a magana ko ba a nema ba. Aikinsa shi ne bin wani Bature likitan dabbobi, wanda kowa ke kira Baturen shanu, duk inda za shi rangadi. Shi ne mai riƙe sirinji, shi ne tafinta, shi ne mai shiga gaba in an isa gari. A ganinsa mutanen ƙauye ba su fi dabbobinsu da komai ba sai iya gaisuwa. Shi kansa Baturen bai tsira ba, don da ya juya baya Malam Babba zai taɓe baki ya ce a ransa, dubi ƙaton mutum da furfura yana yawo da gajeren wando. Amma a gabansa, ranka ya daɗe ba ta barin bakinsa.

Ƙarshen damina, ana cikin yankan gero, suka sauka a barikin Kankiya, masaukin Turawan rangadi. Abin da ya kawo su allurar bushiya ce, cutar nan da in ta shiga garke ba ta barin ko maraƙi. An kafa shinge a wani fili kusa da Mawashi, ta wajen Kusada, aka sa ranar Litinin Fulani su kawo shanu. A nan kam a ba Malam Babba haƙƙinsa, ya sha wahala kafin a kai ga haka. Ya yi ta zarya zuwa rugar Arɗo Sodangi, wanda in ya ce e duk Fulanin yankin sun ce e. Ya zauna a ƙasa, ya rantse ya sake rantsewa cewa allura daban jangali daban, ba wanda zai ƙirga shanun kowa. Don ba ɓoyayyen abu ba ne, in malaman jangali suka zo, rabin garke ake nuna musu, rabi yana cikin daji. Da ƙyar Arɗo ya ce to, za su zo.

Ran Asabar bayan azahar, sun duba shinge suna komawa bariki a motarsu kitika, sai Bature ya taka birki. Ya fito ya tsaya a bakin hanya, ya riƙe ƙugu, ya zuba wa wani dutse ido kamar wanda ya hango garinsu bayan doguwar tafiya. Dutsen Rema ake ce masa, baƙi ƙirin, kamar an kife ƙaton akushi a tsakiyar gonaki, da wasu curin duwatsu a ɗore a kansa. A gindinsa akwai 'yar unguwa.

"Malam, gobe Lahadi, babu aiki," in ji Bature. "Zan hau wancan."

"Ranka ya daɗe, akwai abin da za mu duba a sama ne?"

"Babu. Kallo kawai, da shan iska."

Ya shiga ba shi labari, wai a ƙasarsu in mako ya ƙare mutane kan bar gidajensu, su shiga jirgin ƙasa, su je su hau tsauni, su sauko, su koma gida suna murna. Wai tun da aka kawo shi ƙasar nan idonsa ya gaji da fili. Malam Babba yana ta gyaɗa kai, a ransa yana tambaya ko iskar da ke ƙasa ƙarewa ta yi.

"Ka je ka gaya wa mai unguwar can ya ba mu mutum guda ya nuna mana hanya. Mutum guda, Malam. Ba na son taro, ba na son kiɗa. Kai ma ka zo, za ka ji daɗi."

"Godiya nake, ranka ya daɗe," in ji Malam Babba, sai ka ce doki aka ba shi.

Mai unguwar sunansa Gajere, kuma sunan bai yi ƙarya ba, sai dai abin da ya rasa a tsawo ya same shi a faɗi. Malam Babba ya tarar da shi a zaure tare da dattawa. Daga bakin ƙofa ga wata tsohuwar Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono tana hutawa, Hawwa'u matar Arɗo Sodangi. Aka tashi, aka shimfiɗa wa Malam buzu, aka gaisa, ya isar da saƙo.

"Dutse?" in ji Gajere. "Wanga namu? To mi zai yi bisa, Malam? Ba kowa can sai rema da shanyar mata."

Gaskiyar magana ta zo har bakin Malam Babba, sai ya dubi idanun da ke jiransa. Ta yaya zai buɗe baki ya ce maigidansa, wanda albarkacinsa ake tashi tsaye in ya shigo zaure, zai hau dutse haka kawai kamar akuya? In Bature ya zama abin dariya, ina ga mai riƙe masa sirinji? Sai ya gyara zama, ya karkaɗe kwat, ya rage murya.

"Mai unguwa, ba kowane aikin gwamnati ake faɗa a zaure ba. Abin da zan iya ce muku kawai, yana da wani madubi mai baki biyu. In ya hau sama ya ɗora shi a ido, ba abin da zai ɓoye masa daga nan har Rimaye. Saniya tana kwance cikin kurmi, zai gaya maka wane ƙahonta ne ya karye."

Dattawa suka dubi juna suna salati. Malam Babba ya ji kansa ya ƙara girma, ya jingina da bango yana kaɗa ƙafa. Bai ma lura da lokacin da Hawwa'u ta aza ƙwaryarta ta fice ba, ko ludayi guda ba ta sayar ba. Da zai tashi ya tuna ya ce mutum guda ake so.

"Mutum guda?" in ji Gajere. "Ga Bature, a unguwata? So kake a ce Gajere bai san girma ba. Kai dai ka kawo shi, Malam."

Da safe da kitika ta tsaya a gindin dutse, sai ka ce ranar kasuwa. Gajere ya tsamo duk wani namiji mai ƙarfi daga gona. Wasu sun ɗauko kujera, wasu tebur na aro mai ƙafa uku, wani tulun ruwa, wani yana jan rago na gaisuwa. An sa mata sun kwashe shanyar kuɓewa da barkono tun da asuba, an bi hanyar dutse da tsintsiya an share. Ga mai kalangu, ga maroƙi mai murya kamar kakaki. Shi kuwa Gajere ya zuba riguna uku, ya naɗa rawani, tun ba a fara ba yana zufa.

Wuyan Bature ya yi ja zur. Ya juyo ya dubi Malam Babba.

"Mene ne wannan? Mutum guda na ce!"

"Al'adarsu ce, ranka ya daɗe. Mutanen ƙauye ne, ba su gane magana. In aka kore su yanzu za su ga an wulaƙanta su."

Bature ya buɗe baki zai ƙara magana, sai mata suka rangaɗa guɗa daga bayan danga, maroƙi ya ɗaga hannu ya kware baki: "Jan gwarzo, mai sa dutse ya durƙusa!" Da aka fassara masa, fuskarsa ta ɗan saki. Ya cire malafa ya ɗaga wa jama'a. Mai ƙin taro kenan.

Aka kama hawa. Bature a gaba, gwiwoyi a waje, yana jefa ƙafa kamar zalɓe. Bayansa mai kalangu, bayansa masu kaya, rago yana turjewa ana jansa ana zaginsa. Malam Babba ya sako sabon takalminsa sau-ciki da ya saya a kantin Kano don 'yan ƙauye su gani, ai kuwa suka gani. Tafin takalmin sumul yake, dutsen ma sumul. Bai yi nisa ba ƙafa ta kwashe shi, ya faɗi a kan gwiwa, farin kwat ya sha baƙin dutse. Wani ya yi masa sannu, amma ya ji dariya a cikin sannun. Da ya sake zamewa, dole ya tuɓe takalmin ya ɗaure igiyoyin ya rataya a wuya, ya ci gaba da rarrafe, tafin ƙafar da bai saba da ƙasa ba yana ƙuna. Can baya kuwa Gajere ne, ƙarti biyu suna tura shi ta baya, yana nishi yana kiran sunayen Allah ɗaya bayan ɗaya.

Bature kuma ba abin da zai gani ya wuce. Ƙadangare ya ɗaga kai, Bature ya tsaya. Wata 'yar ciyawa ta fito daga tsagar dutse, ya durƙusa ya shinshina. Har kashin rema sai da ya tone da tsinke ya duba. Ko wanne ya gani sai ya ce da 'yar Hausarsa, "Da kyau!" Maroƙi ya juya ya sanar da na baya, "Ya ce da kyau!" Na baya su amsa, "Da kyau!" Wani magidanci da ke ɗauke da tebur a ka ya ce ƙasa-ƙasa, gerona na kwance a gona tsuntsaye na ci, ni ga ni nan ana nuna mani kashin rema.

Rana ta ɗaga sosai kafin su kai sama. Malam Babba ya zube a inuwar wani curi yana haki. Da numfashinsa ya dawo sai ya ɗaga kai. Ƙasa ta shimfiɗu ta ko'ina har inda ido ya gaza. Ga gonakin gero an yanke wasu, ga dawa kore shar tana jiran lokacinta, ga rimaye da kukoki tsaye ɗai-ɗai, ga rufin Kusada can kamar an zuba tsaba, ga hanyar mota ta miƙe ja. Iska mai sanyi ta shiga cikin kwat ɗinsa. Ya kusa ya ce a ransa ashe mutumin nan bai haukace duka ba.

Sai Bature ya buɗe jaka ya fito da madubin nan mai baki biyu.

Kalangu ya tsaya. Maroƙi ya haɗiye abin da ya ɗauko zai faɗa. Jama'a suka ja da baya suka taru wuri guda, wani yana a'uziyya. Bature bai san ana yi ba. Ya ɗora madubi a ido yana juyawa a hankali, sai ya tsaya cak yana duban gabas.

"Malam! Zo ka gani! Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba."

Ya miƙa masa. Malam Babba ya sa a ido, ya gyara, sai ga shanu. Farare fat, garke bayan garke, sun yi dogon layi kamar zare, duk sun fuskanci ƙasar Kano. Ya ƙara dubawa. Ga takarkarai an ɗora musu karan bukkoki da tabarmi da jerin ƙore. Ga maza sun saɓa jariran maruƙa a kafaɗa. Ga mata da goyo suna sauri. Wannan ba kiwo ba ne, ƙaura ce.

"Ina za su?" in ji Bature.

"Mashaya, ranka ya daɗe. Ruwa za su sha."

"Da kyau!"

Wannan karon ba wanda ya amsa. Bature ya karɓi madubinsa, ya shiga nuni da yatsa don murna, ga wancan garke, ga wancan, ga wani kuma can bayan kuka. Gajere, wanda sai lokacin aka iso da shi, ya raɓo kusa da Malam Babba ya raɗa masa, "Ya fara ƙirga, ko Malam?" Malam Babba ya yi kamar bai ji ba.

Daga nan duk abin da yake so shi ne a sauka. Amma Bature yanzu ya fara. Ya zauna a kujera, aka tokare ƙafar tebur da dutse, aka hura wuta aka dafa masa shayi, ya ci biredinsa da kifin gwangwani, jama'a na tsaye cikin rana suna kallon bakinsa. Ya fito da takarda da 'yan launuka ya shiga zana filin, har da fararen ɗigo-ɗigo a wajen gabas. Malam Babba ya ce rana tana zafi, ranka ya daɗe. Bature ya ce ba komai. Malam ya ce hadari zai iya tasowa. Bature ya dubi sama, ko gajimare babu.

Da ya gama, sai ya ce saura abu guda. Wai a ƙasarsu duk wanda ya hau tsauni yakan tara duwatsu a ƙololuwa. Saman Dutsen Rema kuwa a share yake, sai da aka tura mutane suka gangara suka yi ta ɗauko duwatsu a ka suna hawowa da su. Manoma da iyalansu, lokacin girbi, suna kai wa dutse dutse. Aka tara tsibi har ƙugun mutum. Bature ya ɗora na ƙarshe da hannunsa, ya ja da baya yana murmushi. Dattawa suka dubi tsibin suka dubi juna. Ba wanda ya yi shakka, gwamnati ta kafa alamarta.

Saukowa ta fi hawa wuya. Gajere ya ƙi yarda da ƙafafunsa, ya zauna ya riƙa jan gindi har ƙasa, rigarsa ta waje ta tsage gida biyu. Bature ya ƙone ya yi jawur kamar gauta, amma sai cewa yake rabonsa da jin daɗi irin na yau tun yana ƙasarsu. Aka ɗaure masa rago a bayan kitika. Malam Babba ya ce zai tsaya ya ƙara duba shinge, ya ari keke, ya nufi rugar Arɗo Sodangi yana taka feda da ƙafafu masu bororo.

Ya tarar da kufai. Turaku a tsaye ba ko maraƙi, toka da sauran ɗumi, ƙudaje suna bin kashin shanu. Sai Hawwa'u da wasu tsofaffi biyu suna ɗaure sauran ƙore a kan takarkari na ƙarshe.

"Inna, ina Arɗo? Ina shanu?"

Ba ta ko waiwayo ba. "Kai da kake da madubi kake tambayata?"

"Inna, ki saurare ni. Wallahi ba ƙirga ya je yi ba. Ba ruwansa da jangali. Kallo kawai ya je yi."

"Kallon mi?"

"Kallon ƙasa. Shan iska. Haka suke yi a garinsu ran Lahadi."

Sai a lokacin ta juyo. Ta dube shi daga hula har takalmin da ke rataye a wuyansa.

"Malam, ni na haifi wanda ya girme ka. Mutum da furfurarshi, gwamnati ta ba shi mota, ya bar inuwa ya hau dutse da tsakar rana don ya sha iska? Ka nemi wata ƙaryar, wagga ba ta da ƙafa. Jiya da kunnena na ji ka, ka ce har ƙahon da ya karye yana gani. Ko jiya ka yi ƙarya, ko yau kake yi. Wanne za mu ɗauka?"

In ya ce jiya ce, ya zama maƙaryaci a gaban tsohuwa mai tallar nono. In ya yi shiru, shanu sun tafi. Ya tsaya yana lissafin wanne ya fi sauƙi, har ta ja igiyar takarkari ta bi sawun garke.

Ran Litinin suka isa shinge da sanyin safiya, da maganin allura cikin ƙanƙara, da ƙartin da za su kama shanu, da ƙarfen yin shaida a kunne. Fili fayau. Aka jira. Ƙanƙara ta fara narkewa. Wajen hantsi wani tsoho ya jawo bijimin nomansa guda, ya ga ba kowa, ya juya da abinsa. Bature ya yi ta kai da kawo yana duban hanya, har ya fusata ya ce a kira masa mai unguwa.

Gajere ya zo yana ɗingishi, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Tambaye shi ina Fulani suka tafi, kuma don me," in ji Bature.

Malam Babba ya tambaya. Gajere ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ranka shi daɗe, ni ba ni da laifi. Malam ne ya ce mana in ka hau bisa da madubi za ka ga kowace saniya har Rimaye. Su kuwa suka ji, suka ce ƙirgar jangali ce, suka tashi. Ni abin da aka sa ni na yi, har riga na yi hasara."

"Me ya ce?"

Malam Babba ya tsaya a tsakaninsu. Ya dubi Bature wanda Hausarsa ba ta wuce da kyau da sannu ba, ya dubi Gajere wanda bai san ko kalma guda ta Turanci ba. Ya gyara murya.

"Ya ce, ranka ya daɗe, tsoron allura suka ji. Wai an gaya musu tana hana shanu haihuwa. Ya ce shi ma ya ji ana faɗa tun kwanaki, amma bai ga ya kamata ya dame ka ba."

Bature ya buga ƙafa a ƙasa. Ya yi ta faɗa a kan jahilci, a kan mutanen da ake tahowa tun daga ƙetaren teku don a cece su suna gudu. Ya nuna Gajere da yatsa ya ce zai kai ƙararsa wurin hakimi.

"Mi ya ce, Malam?" in ji Gajere.

"Ya ce ɗaure ka zai sa a yi. Amma na roƙe shi, ya sassauta. Wurin hakimi kawai za ka je."

"Allah shi saka maka, Malam. Allah shi raya maka zuriya."

Bature ya sa aka kwashe kaya. Kafin ya shiga mota ya ce Malam Babba ya zauna, ya bi Fulanin nan duk inda suka shiga ya dawo da su, tunda shi suka sani. Kitika ta tafi da rago yana kuka a baya.

A gidan Gajere aka sauke Malam Babba, aka yanka masa kaza. Da aka kira mai unguwa Kankiya aka bar shi durƙushe cikin rana, aka wanke shi tas a gaban jama'a, ya dawo yana gaya wa kowa ba don Malam ba da yanzu yana gidan yari. Malam Babba yana ji yana cin tuwonsa.

Ya bi sawun shanu a ƙasa, ƙauye bayan ƙauye, har ya tsallaka ƙasar Kano. Ya yi baƙi, ya rame, kwat ya koma kalar ƙasa. A bakin wani rafi ya sami Arɗo Sodangi zaune a gindin marke yana murza igiya. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya sa aka kawo wa baƙo ruwa, ya saurare shi har ya gama rantse-rantsensa, bai katse shi ba.

"Mun ji, Malam," in ji Arɗo. "Abu guda zan tambaye ka. Tsibin duwatsun da aka ce ya bari bisa, na mi ne?"

"Don a san ya hau ne, Arɗo."

"Don a san ya hau." Arɗo ya ci gaba da murza igiyarsa. "Wa zai sani?"

Sai Arɗo ya ɗago ya dube shi.

"To, madalla. Ka gaida shi. Sai mun zo."

Ba su zo ba. Da bazara bushiya ta ɓulla a wajen da suka koma, labari ya iso Katsina cewa garken Arɗo Sodangi ya ragu ƙwarai, wasu ma sun tashi da sanda kawai. Bature ya girgiza kai ya ce ai ya faɗa, jahilci ya fi kowace cuta kisa. Malam Babba yana tsaye a gefen tebur, shi ma ya girgiza nasa. Bature ya yaba da irin wahalar da ya sha wajen bin su, kafin ya tafi hutu ya sa aka ƙara masa girma.

Bayan shekara aiki ya sake bi da shi ta Kankiya ranar kasuwa, tare da wani sabon malami da aka ba shi ya koya wa aiki. Ƙishirwa ta kama su, suka nufi inuwar da Fulani mata ke zama da fura da nono. Wadda ya fara tsayawa a gabanta ta ɗaga ido ta dube shi, ta ja faifai ta rufe ƙwarya.

"Ya ƙare."

Ya matsa gaba. Ta biyu ma ta rufe tata, ga nono har baki. Haka ya bi layin nan, faifai yana rufuwa a gabansa ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta zage shi, ba wadda ta ƙara kallonsa.

"Malam, lafiya?" in ji sabon malamin. "Sun san ka ne?"

"Ina za su san ni? Ka bar su, ƙazamai ne. Ni dama ba na shan nonon kasuwa."

Ya ja shi suka shiga kanti, ya sa aka huda musu madarar gwangwani, ya tsaya a bakin ƙofa inda za a gan shi yana sha, yana yi wa abokin tafiyarsa bayani cewa ita wannan daga Ingila ake kawo ta.